Hajiyar nan mai turo 'yan rabon abinci a biki: na gwada ta sau 3

Masu girkin biki kun sani, girkin ba shi ne ciwon kai ba, masu rabo ne. Ni daga gida nake yi a Kabuga, yarana na dindindin biyu ne kacal, in aiki ya yi yawa sai na nemo 'yan wucin gadi. Ƙawata ce ta haɗa ni da wata hajiya mai gurup a WhatsApp, ki faɗa mata mutum nawa kike so ta turo miki ta cire kamashonta.

Na farko walima ce, ba laifi wallahi, 'yan mata 4 suka zo tsaf da su har kuloli suka wanke min.

Na biyu ne ta ƙona min rai. Dina ce satin bayan ƙaramar sallah, lokacin da kowa ke aurar da 'ya, na ce mutum 10, na tura kuɗi gaba ɗaya tun Alhamis, wautata kenan. Ranar Asabar tun asuba ina 'Yan Kaba sayen kayan miya, har bayan magariba mutum 6 ne a hol ɗin. Ɗaya wai ba ta samu adaidaita ba, biyu waya a kashe, ta huɗun kuma a sitatus ɗinta na hango ta tana rabo a wani bikin, ashe wuri biyu aka ba ta. Ni da ƙanwata muka ɗaura zani muka ɗau tire, waina ta huce, uwar amarya sai cewa take "Hajiya lafiya dai ko?" kamar in nutse. Cikin waɗanda suka zo ɗin ma na kama wata tana zuba kaji a leda tun ba a kai teburin dangin ango ba.

Da na kira hajiyar dai ba ta yi musu ba, ta ba ni haƙuri, amma sai da na yi sati biyu ina bin kuɗin mutum 4 ɗin.

Na uku na sauya tsari. Kuɗin mota kawai nake turawa, sauran sai an kwashe faranti, ina buƙatar 6 in ce 8, kuma na karɓi lambar kowacce na kira da kaina daren jajibiri. 7 suka zo. Akwai biyu masu hankali a ciki, yanzu kai tsaye nake kiran su, ita ma hajiyar ta sani.

Ƙaramin taro kamar suna ko walima ku neme ta, dina a lokacin da bukukuwa suka yi yawa kamar Disamba kam ni ba ruwana.