PS5: A Sayo Daga Amurka Ko A Saya A Nan Jidda?

Malam, ka ce ƙaninka zai taso daga Houston zuwa Umara wata mai kamawa, kana tunanin ko ka tura masa kuɗi ya sayo wa yaronka PS5, na'urar wasan bidiyo ta kamfanin Sony, a can, tunda an ce ta fi araha, ko kuwa ka shiga shagon Jarir ko eXtra ka ɗauka a nan. Ka kuma ce mai yiwuwa nan da shekara biyu ku tattara ku koma Kano. Ni dai shawarata ka saya a nan Jidda, amma bari in jera maka su biyun ka gani da idonka.

Mu fara da kuɗi, tunda shi ya kawo maganar. Farashin da kake gani a shagunan Amurka ba shi ake biya ba. Can ba sa haɗa harajin sayayya a jikin kaya, sai an je wurin biya ake ɗora shi, kuma a Houston kashi 8.25 cikin ɗari ne. A nan kuwa kuɗin da ka gani a kan kanta ya riga ya haɗa da harajin kashi 15 da ake karɓa tun Yulin 2020. A watan Agustan 2025 Sony ta ƙara dala 50 a kan kowane samfuri a Amurka, mai cin faifai ta koma kusan dala 550. A wancan farashin na 2025, ka ɗora haraji, ta kai wajen dala 595. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, ka ga kenan kusan riyal 2,230 kafin ta bar shago. Irin wannan lissafin za ka yi da farashin Amurka na ranar da za ka saya, ka kwatanta da na nan, ba farashin da ba a ɗora wa haraji ba. Idan ka yi haka, sau da yawa za ka tarar ratar ba ta kai yadda ake zuzutawa ba, balle in ka dace da ragin da shaguna ke yi a watan Nuwamba ko gab da Sallah.

Kwastan ba matsala ba ce ga guda ɗaya. Kayan matafiyi da tsarabarsa ba a karɓar musu komai muddin ba su wuce riyal 3,000 ba. Sai dai PS5 Pro ita kaɗai ta taɓo wannan iyaka idan an haɗa da haraji, ga kuma sauran tsarabar da zai riƙo. Sannan ka tausaya wa bawan Allah: kwalin nan babba ne, zai cinye masa rabin akwati, kuma in aka jefa shi cikin kayan ƙasan jirgi ka san yadda ake wurgi da su.

Wuta kuma mutane na tsorata da ita fiye da kima. Amurka na amfani da wuta mai ƙarfin volt 120, nan da gida 230, amma PS5 an yi ta ta karɓi 100 zuwa 240. Bakin filogi ne kawai ya bambanta. Ta Amurka sai ka canja mata waya, abin da bai taka kara ya karya ba. Ta nan kuwa da filogi mai baki uku take zuwa, irin wanda zai shiga soket ɗinka na Kano kai tsaye.

Inda suka rabu da gaske shi ne garanti. Wanda Sony ke bayarwa a Amurka na shekara ɗaya ne, kuma a yankinsu yake aiki. Ranar da na'urar ta ƙi kamawa, ko hannun wasan ya fara tafiya da kansa ba a taɓa shi ba, wanda ciwo ne sananne a wajensu, wakilin Sony na nan ba zai karɓe ta kyauta ba. Ko dai ka biya mai gyara, ko ka zauna jiran wani mai tafiya Amurka, yaro kuma ya zuba maka ido kullum ka dawo daga aiki. Ta nan fa? Ma'aikatar kasuwanci ta Saudiyya ta wajabta garantin shekara biyu a kan kayan lantarki, ka ga ya yi daidai da zaman da ya rage maka. Rasit kawai za ka adana, ka kuma ɗauki hotonsa a waya, don rubutun irin takardar nan gogewa yake yi. A ganina wannan kaɗai ya fi ƙarfin riyal ɗari biyu ko uku da za ka rage.

Amma ka kula, ba duk wadda ake sayarwa a nan ce ta nan ba. A shagunan intanet na Noon da Amazon za ka ga wasu an rubuta musu samfurin ƙasa da ƙasa, wasu kuma samfurin Saudiyya, na farkon ya ɗan fi sauƙi. Shigo da su aka yi daga wata kasuwa, garantinsu na mai shago ne, ba na wakili ba. Tun daga Nuwamban 2025 ma akwai wadda aka yi wa Japan kaɗai, da Japananci take aiki kuma asusun Japan kawai take karɓa. Idan ka ga araha ta yi yawa, ka tambaya kafin ka biya.

Sai abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi na'urar kanta tasiri a aljihunka, wato asusu. Faifan wasa na kowace ƙasa yana aiki a kowace PS5, babu kulle. Amma ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusun PlayStation ba ta canjuwa har abada, kuma katin cika kuɗi sai na wannan ƙasar. Haka ƙarin abubuwan da ake saye a cikin wasa, dole yankin faifai ya dace da na asusu. Idan ƙaninka ya haɗo da faifan ƙwallo na Amurka, yaro kuma yana kan asusun Saudiyya, wasa zai yi lafiya lau, amma abin da ya saya a ciki yana iya ƙin fitowa, kuɗi sun tafi. Nijeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa, shi ya sa 'yan gida suka fi buɗe na Amurka ko na Ingila. Tunda komawa za ku yi, ka zauna ka yi tunanin wane kati ne zai fi maka sauƙin samu a Kano kafin ka bar yaro ya danna komai. Kuma kai ka buɗe babban asusun da sunanka, ka yi masa na yara a ƙarƙashinsa, ta nan za ka iya ƙayyade masa lokacin wasa da abin da zai kashe.

Yaushe ta Amurka ta fi? Idan ƙaninka kyauta zai ba yaron, karɓa za ka yi da godiya. Haka idan tafiyarku gida ta matso, saura wata biyu ko uku, domin a lokacin garantin nan ma ba zai bi ka Kano ba, sai ka bi duk inda ya fi sauƙi. Ko wacce ka saya, ka ɗauki mai cin faifai. Manyan wasannin yanzu wasu sun haura gig 100, a nan ba ka ji a jikinka, amma a gida data ce za ta yi kuka, ga shi faifai ana musayarsa ana kuma sayar da shi. Ka kuma ware kuɗin sitabilaiza mai kyau tun yanzu, kada ranar da kuka sauka a jona ta kai tsaye a wutar janareta.