Shagon Baba na Aziziyya, inda littafin yaƙi ba ya fita shi kaɗai

Shekara huɗu ke nan ina zuwa wannan shago, kuma da wuya in fita da littafi ɗaya tak. Ni direba ne, ina jigilar kaya tsakanin Jidda da Makka, kuɗin littafi sai na tara. Amma mai shagon yana da al'adarsa. In ka ɗauko littafin yaƙi ka ajiye a gabansa, sai ya juya shi, ya duba sunan marubucin, ya ce, "Ɗana, wannan na waɗanda suka ci ne ko na waɗanda aka ci?" Daga nan sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya je ya ɗauko maka na ɗaya ɓangaren.

Shagon yana wani lungu a unguwar Aziziyya a Makka, bayan manyan shagunan littattafan addini da ɗaliban jami'ar Ummul Ƙura ke cikawa. Tsofaffin littattafai yake sayarwa, yawanci na Larabci, da kanta biyu na Turanci. Mai shi dattijo ne, Bahaushen Sudan, mu dai Baba muke ce masa. Ran da ya ji cewa iyayena mutanen Maiwurno ne, wani gari a Sudan, nan take ya aiki yaro ya kawo shayi.

Abin da ya fara kai ni wurinsa shi ne yaƙin Karari, wanda aka gwabza tsakanin rundunar Ingila da Masar ƙarƙashin Kitchener da mabiya Mahadin Sudan, a arewacin Omdurman ranar 2 ga Satumban 1898. Littafin Churchill nake nema, The River War, wanda aka fassara da sunan Harbun Nahr. Baba ya ba ni, sannan ya ɗora min Karari na Ismat Hasan Zulfo a kai, wani hafsan sojan Sudan da ya bi tsofaffin da suka ga ranar da idonsu ya ji ta bakinsu. Riyal sittin na biya duka biyun.

Wata biyu na yi a kansu, ina karantawa a cikin mota lokacin da ake sauke kaya. Churchill yana da shekara 23 lokacin da ya shiga yaƙin a cikin mahaya dawakin Ingila, kuma ya iya rubutu, wannan ba a ja. Yana sa ka ga tutocin Ansar, mabiya Mahadi, suna ɓullowa daga bayan tudu da sanyin safiya. Amma a wajen Zulfo na gane cewa mutanen Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ba taron yuyuyu ba ne. Runduna ce mai shugabanni da tsari, an yi shawara a kan ko a far wa abokan gaba da dare ko a jira gari ya waye, aka jira. Da gari ya waye kuwa, bindigogin Maxim da igwa da jiragen ruwan da ke kan Nilu suka tarbe su a fili fetal. Mutum wajen dubu goma suka kwanta kafin azahar, ɓangaren Kitchener kuwa ba su rasa hamsin ba. Na rufe littafin a wata tasha kusa da Bahra, na jima ban tada mota ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, shekara biyar bayan wannan, irin bindigar nan ce ta tarbi kakanninmu a Sakkwato da Burmi.

Baba ne kuma ya ankarar da ni cewa bugun farko na Churchill, na 1899, juzu'i biyu ne, kuma a ciki ya soki Kitchener kan tone kabarin Mahadi. Da aka taƙaita littafin a 1902 sai aka rage wannan suka. Ya ce kullum in duba wane bugu ne aka fassara kafin in biya. Irin wannan bayani ba za ka same shi a bakin yaron kanti ba.

Haka ya yi min da yaƙe-yaƙen Salibiyyawa. Ya haɗa min juzu'in Al-Kamil na Ibnul Asir da ya ƙunshi yaƙin Hiddin na 1187 da littafin Amin Maalouf, wanda ya fito da Faransanci a 1983 kuma yake ba da labarin ta bakin marubutan Larabawa. Ga mai farawa, Maalouf ya fi sauƙin shiga. Ibnul Asir shekara-shekara yake bi, sai mai haƙuri, amma ya rayu a zamanin Salahuddin. A kan yaƙe-yaƙen farkon Musulunci, littattafan Mahmud Shit Khaddab, janar ɗin nan na Iraƙi, suna nan jere, kuma ina ba da shawararsu don soja ne, ya san abin da rashin ruwa da nisan tafiya ke yi wa runduna. Yaƙin Duniya na Biyu akwai Liddell Hart a fassare. Na karanta, na ƙaru, amma bai kama ni kamar na Karari ba.

Shagon yana da aibinsa. Ƙura ta yi yawa, na'urar sanyaya ɗakin ta tsufa, mai asma ya shiga da takunkumi. Babu farashi a jikin littafi, sai yadda Baba ya yanka, kodayake bai taɓa tsawwala min ba. Ba ya karɓar kati, sai kuɗi hannu. Sau ɗaya na sayi littafi a kan ƙawanyar da aka yi wa Madina daga 1916 zuwa 1919, lokacin Fahri Basha, kwamandan Turkawa, ina cikin daɗin karatu na tarar shafi goma sha shida babu. Da na mayar ya ba ni haƙuri ya canza min da wani, amma tun daga ranar nake bin lambobin shafi kafin in biya. Lokacin buɗewa ma ba tsayayye ba ne. Bayan Isha'i ka fi samun sa, a watan Hajji kuwa kada ma ka wahalar da kanka.

Abin da ya fi damuna, kuma ya fi damun shi kansa, shi ne kantar tarihinmu kusan wayam take. Infaƙul Maisur na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kaɗai na taɓa samu. Na tambaye shi littafi a kan Burmi, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a watan Yulin 1903 yana kan hanyar hijira zuwa gabas, hijirar da ɗansa Mai Wurno ya ƙarasa har bakin Shuɗin Nilu, inda Maiwurno take, garin da aka haifi mahaifina. Baba ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, abin da na sani na Burmi a bakin kakata na ji shi."

Ya rubuta min suna biyu a bayan rasit: The Sokoto Caliphate na Murray Last, da Warfare in the Sokoto Caliphate na Joseph Smaldone. Ya ce duk wanda zai zo Umara daga Kano ko Zariya, in roƙe shi ya riƙo ko da tsohon kwafi ne, zai saya. Takardar tana cikin aljihun motata, kuma na riga na tura wa wani ɗan'uwa hotonta.