Ziyara a Cibiyar Kare Rabbi ta Otjiwarongo

Rabbi, wanda wasu ke kira cita, dangin damisa ne, sai dai ya fi ta sirantaka da tsawon ƙafafu, kuma yana da baƙin zane da ya gangaro daga idanunsa zuwa gefen baki kamar sawun hawaye. Babu dabbar da ta kai shi gudu a doron ƙasa, amma duk da haka wani bincike da aka wallafa a shekarar 2016 ya ƙiyasta cewa kimanin 7,100 ne kawai suka rage a daji. Wannan ne ya kai ni cibiyar Cheetah Conservation Fund da ke Namibiya, wadda Dakta Laurie Marker ta kafa a 1990, mai nisan kilomita 44 daga garin Otjiwarongo.

Abin da yawancin baƙi ke zuwa kallo shi ne atisayen safe, inda ake ɗaura ƙyalle a igiya, inji ya riƙa jan ta a fili, rabbi kuma ya bi ta da gudu. Kallo ne mai ɗaukar hankali, musamman yadda yake karkata doguwar wutsiyarsa domin ya juya ba tare da ya faɗi ba. Waɗanda ake nunawa marayu ne da aka raina a hannu tun suna ƙanana, don haka ba za su iya rayuwa a daji ba. Ba a barin kowa ya taɓa su, kuma na yaba da wannan doka, domin sha'awar rungumar 'ya'yan rabbi ita ce ke ciyar da fataucinsu daga yankin ƙahon Afirka zuwa gidajen attajirai a ƙasashen Larabawa.

A ganina, wurin da ya fi cancantar lokacin baƙo shi ne garken awaki. Mafi yawan rabbin Namibiya a filayen kiwo suke zaune, ba a cikin gandun dajin da gwamnati ke karewa ba, kuma da yake da rana suke farauta, su makiyayi ke gani, su kuma ake ɗora wa laifin kowane ɗan akuya da ya ɓace. Shekara da shekaru harbi da tarko ne hukuncinsu. Tun daga 1994 cibiyar ta fara kiwon manyan karnukan Turkiyya, jinsin Anatoliya da Kangal, tana ba makiyaya su tun suna 'yan kwikwiyo domin su tashi a cikin garke, su ɗauki awakin tamkar 'yan uwansu. Idan maharbi mai ƙafa huɗu ya doso, karen yakan tsaya tsakaninsa da garke yana haushi, shi kuwa rabbi ba ya son faɗa, domin rauni kaɗan a ƙafa ya isa ya hana shi cin abinci. Cibiyar ta ce makiyayan da suka karɓi karnukan suna ba da rahoton raguwar asara da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Alƙaluman daga bakin makiyayan suka fito, ya kamata a karanta su da sanin haka, kuma kare irin wannan yana buƙatar abinci da magani da kulawa, abin da ba kowane ƙaramin makiyayi zai ɗauka cikin sauƙi ba. Duk da haka ban ga dabarar da ta fi ta adalci ba, domin ba ta ce wa mai dukiya ya haƙura da asararsa saboda dabbar da bai taɓa amfana da ita ba.

Akwai ɗan gidan tarihi da ke bayanin ƙarancin bambancin kwayoyin halitta a tsakanin rabbi, da wurin cin abinci inda ake sayar da cukun madarar awakin cibiyar. Ana kuma sare ƙayar da ta mamaye filayen farauta, a niƙa ta, a matse ta zama makamashin da suka sa wa suna Bushblok.

Hanyar zuwa daga Otjiwarongo ta tsakuwa ce, kuma atisayen da sanyin safiya ake yin sa, saboda haka mai son ganinsa ya nemi gurbi tun da wuri, ya kwana a kusa. Ya kuma keɓe aƙalla awa guda domin karnuka da awaki.