Burushin lantarki da injin fesa ruwa a hannun mai amosanin soriyasis

Abu biyu na saya saboda ciwon dasashi: burushin goge haƙora mai aiki da caji, da injin da ke fesa siririn ruwa a tsakanin haƙora. Burushin ya biya ni, ba na jin zan koma na hannu sai dole. Injin ruwan yana da amfani shi ma, amma bai kai yadda ake zuzuta shi ba, kuma yana zuwa da tasa ɗawainiyar ga mai ciwon yatsu. Na ga ya dace in rubuta dalla-dalla, domin yawancin masu yabon waɗannan kaya hannuwansu lafiya lau suke. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ciwona amosanin gaɓɓai ne irin wanda ke bin soriyasis, cutar nan da ke sa fata ta yi kauri tana ɓamɓarewa. Har kusan kashi 30 cikin 100 na masu soriyasis kan kai ga wannan ciwon. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa gaɓɓai da wuraren da jijiya ke manne da ƙashi. Nawa ya fi zama a gaɓoɓin ƙarshen yatsu, dab da farce, da wuyan hannun dama. Wata safiyar yatsa guda zai kumbura tun daga tushe har ƙarshe, ya ƙi lanƙwasuwa sam. Sandarewar safe takan wuce rabin awa kafin ta saki, kuma daidai lokacin ne ake so mutum ya tsaya ya goge bakinsa na minti biyu.

Burushin hannu siririn mariƙi gare shi. Sai an matse shi tsakanin babban yatsa da manuniya, sannan wuyan hannu ya yi ta ƙananan juyi ba tsayawa. A ranar da ciwo ya motsa, haƙoran gaba ne kawai ke samun rabonsu, turamen baya da cikin haƙoran ƙasa ta ɓangaren harshe sai dai a shafa musu kumfa a wuce. Ga kuma muƙamuƙi, wanda mutane ke mantawa cewa shi ma gaɓa ce, kuma wannan ciwon yana kama shi. Nawa na hagu yakan yi ƙara idan na yi hamma, wani lokacin bakin ba ya buɗuwa sosai. A haka jini ya fara fitowa a cikin kumfar da nake tofarwa, daga baya ya zama kullum.

Likitar haƙori ta auna zurfin da ke tsakanin haƙori da dasashi da wani siririn ƙarfe mai alamomin milimita. Lafiyayyen dasashi tsakanin milimita 1 zuwa 3 yake tsayawa. A turamena na baya tana ta kiran 4 da 5. Ta kankare dattin da ya daskare, sannan ta ce, “Malama, nuna min yadda kike riƙe burushi.” Da ta ga yatsun ba ta yi dogon bayani ba, ta ce in nemi na lantarki mai ƙaramin kai. Wannan jerin yana da muhimmanci ga duk mai niyyar saye: kankarewa ce farko. Dattin da ke manne wa haƙori yana da laushi a kwanakin farko, burushi na ɗauke shi. Da zarar ya sha sinadaran miyau ya yi tauri, babu burushin da zai cire shi, komai tsadarsa.

Bincike da dama sun nuna cewa masu soriyasis sun fi sauran mutane yawan kamuwa da ciwon dasashi mai cin ƙashin da ke riƙe da haƙori. Sinadaran kumburin da ke ruruta ciwon gaɓɓanmu, irin su TNF da IL-17, su ne kuma ake samu suna aiki a dasashin da ya kumbura. Alaƙa ce aka gani, ba a ce gyara dasashi zai warkar da gaɓɓai ba, kuma ni dai yatsuna ba su canza ba don bakina ya yi sauƙi. Amma mutumin da ke shan maganin da ke rage ƙarfin garkuwa bai kamata ya bar matattarar ƙwayoyin cuta a bakinsa ba.

Abin da ya fara burge ni da burushin shi ne kaurin mariƙinsa. Dunƙule hannu nake yi a kansa, tafin hannu ne ke riƙo, yatsun suna hutawa. Nawa irin mai zagayayyen kai ne da ke juyawa dama da hagu da sauri. Ba a gurzawa da shi. Ɗora shi ake yi a kan haƙori, a karkata shi kaɗan zuwa bakin dasashi, a ɗan jira, a matsa zuwa na gaba. Motsin da ya rage wa mutum daga gwiwar hannu yake fitowa, wuyan hannu ba ya yin komai. Har da hannun hagu ina iya yi a ranar da na dama ya ƙi, abin da ban taɓa iyawa da burushin hannu ba. Kan ƙarami ne, don haka yana isa bayan turmin ƙarshe ko da bakin a ɗan buɗe yake. Hasali ma idan aka ɗan rufe baki kumatu na sakewa, wurin ya fi samuwa.

Yana ɗan katsewa duk bayan daƙiƙa 30 don a koma wani sashen bakin, sau huɗu, minti biyu ke nan. Kafin in same shi, abin da nake ɗauka minti biyu ne ashe ko kusa bai kai ba, domin mai jin zafi lokaci tsawo yake yi masa. Akwai kuma wata fitila da ke kawo ja idan an danna da ƙarfi. Na ɗauka kwalliya ce, sai ga shi ita ce abin da na fi dogara da shi. Kumburarren hannu ba ya sanin iya ƙarfin da yake sawa, kuma dannawa da ƙarfi na sa dasashi ya janye ya bar tushen haƙori a waje.

A makon farko jinin bai tsaya ba, girgizar kuma tana sa ƙaiƙayi a hanci da leɓe. Likita ta riga ta gargaɗe ni kada in daina goge wurin da ke jini, domin kumburi ne ke kawo jinin, datti ne kuma ke kawo kumburin. Sannu a hankali jan dasashin ya ragu, warin bakin safe ya tafi. Da na koma awo, yawancin wuraren sun sauko, saura wuri ɗaya a turmin ƙasa da har yanzu ake sa wa ido. Wannan ya yi daidai da abin da aka sani. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken kiwon lafiya, ta fitar a 2014, wanda ya tattara gwaje-gwaje sama da 50, ya nuna cewa bayan wata 3 burushin lantarki ya fi na hannu rage dattin haƙori da kashi 21 cikin 100, kumburin dasashi kuma da kashi 11. Ba wata tazara ce mai girma ba ga mai lafiyar hannu. Ga wanda hannunsa ba ya iya aikin tun farko, a ganina tazarar ta fi haka nesa.

Yanzu ga inda ya gaza. Madannin kunnawa yana ƙarƙashin roba mai tauri, an yi shi don babban yatsa mai ƙarfi. A ranakun ciwo da ƙashin tafin hannu nake danna shi. Canza kan burushin, wanda ya kamata a yi duk wata 3, sai an fizge shi da ƙarfi, ɗiyata ce ke yi min, ko in naɗe shi da tsumma in ja. Yana da nauyi idan aka kwatanta da na hannu, kuma idan makilin ya zubo kan mariƙin sai ya yi santsi. Na ɗaura masa robobi biyu, shi ke nan ya daina zamewa. Abin da ba ni da maganinsa shi ne girgizar. Idan gaɓar yatsa ta yi ja tana zogi, girgizar na shiga har cikinta. A irin ranar nakan sassauta riƙon, in jingina gwiwar hannu a bakin wurin wanke hannu, in yi a zaune. Su kuwa tarin salon gogewa da haɗa burushi da wayar salula, ban ga amfaninsu ba. Salo biyu sun isa: na kullum da mai laushi.

Mai laushin na da ranarsa. Ina shan methotrexate, maganin gaɓɓaina mai rage ƙarfin garkuwa, sau ɗaya a mako, kuma ƙurajen baki na cikin illolinsa da aka sani, shi ya sa ake haɗa shi da folic acid. Idan ƙurji ya fito a cikin leɓe ko gefen harshe, bayan kan burushin na iya buga shi, zafin kuma ba kaɗan ba ne. Salo mai laushi da kai mai taushin gashi suna rage wannan. Na kuma koma makilin da babu sinadarin kumfa na SLS a ciki, na ji raɗaɗin ya ragu, amma na tabbatar yana da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, tsakanin 1350 zuwa 1500 ppm (ma'aunin yawansa a cikin makilin) kamar yadda ake so ga manya. A tofar kawai bayan gogewa, kada a kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya zauna. Ƙurajen da suka yi yawa ko suka ƙi warkewa ga mai shan methotrexate ba maganar canza makilin ba ce, likitan gaɓɓai ake kira, domin suna iya zama alamar maganin ya yi wa jiki yawa.

Injin ruwan na saye shi ne don zaren sakace ya gagare ni. Naɗe zare a yatsun da suka kumbura, a tura hannu biyu cikin bakin da ba ya buɗuwa, abu ne da ba zai yiwu ba. Iri biyu ne: wanda tankin ruwansa ke jikin mariƙi, da wanda tankin ke ajiye, siririn tiyo ya haɗa shi da ɗan sandan da ake riƙewa. Na farkon ba ya cin wuri, amma ruwa da batir duk suna hannunka, nauyin ya yi min yawa. Na biyun nake amfani da shi. Da ruwa mai ɗumi ake yi, a fara da mafi ƙarancin ƙarfi, a sa bakin tiyon a baki kafin a kunna, in ba haka ba madubi da riga duk za su jiƙe. Abin da yake fitarwa daga tsakanin turame bayan an gama goge baki yana da ban mamaki, kuma dasashi na jin daɗinsa.

Sai dai dole a sunkuya a bar ruwan ya zuba, kuma wannan ciwon yakan kama wuya da ƙashin baya. Dole a cika tanki, a zubar da ragowar, a bar shi a buɗe ya bushe don kada ya yi gansakuka, wanda ba abin wasa ba ne ga mai raunin garkuwa. Da dare, lokacin da gajiyar ciwon ta sauko, wannan hidimar ce ke sa in tsallake shi. Sannan likita ta faɗa min gaskiya cewa ruwa na kore abin da ya maƙale, amma dattin da ya manne a gefen haƙori ƙananan burusan tsakanin haƙora sun fi ɗauke shi. Akwai masu dogon mariƙi da lanƙwasasshen kai, su nake sawa a wuraren da suka fi zurfi, injin ya bi sauran.

Duk kayan nan ba sa maye gurbin magana da likita. Magungunan da ke toshe IL-17, irin su secukinumab da ixekizumab, suna iya kawo fararen tabo na kandida, wata cutar naman gwari, a harshe da kumatu. Ciclosporin, wani maganin rage garkuwa, na sa dasashi ya yi girma ya hau kan haƙori. Wasu magungunan ciwo da na barci na busar da baki, kuma miyau shi ne ke kare haƙori daga ruɓewa. Maganin kashe zafi irin su naproxen da muke sha kullum na iya ɓoye ciwon haƙori har sai ya yi nisa. Ruwan kurkure baki na chlorhexidine na taimakawa na ɗan lokaci, amma yana rina haƙora idan aka daɗe a kansa. Kafin cire haƙori ko wani aikin da zai kawo jini, a kai wa likitan haƙori sunayen magunguna a rubuce, domin akwai maganin kashe ƙwayoyin cuta, kamar trimethoprim, da haɗa shi da methotrexate ke da haɗari. Kuma kada mutum ya dakatar da maganin gaɓɓansa da kansa, likitan haƙori da na gaɓɓai ne za su tsara. Ni nakan nemi a ba ni lokaci da rana, bayan sandarewa ta saki, in kuma roƙi a sa min ɗan robar da ke tallafe muƙamuƙi, a riƙa ba ni hutu.

Wanda zai sayi ɗaya kawai, ya sayi burushin, mai fitilar gargaɗi da salo mai laushi, ya haɗa da ƙananan burusa masu dogon mariƙi. Idan da hali, ya riƙe shi a hannu kafin ya biya, ya danna madannin da yatsan da ya fi yi masa ciwo, ya gwada cire kan ya mayar.