Mai turin da ya tambaye ni shekarun yarana

Hutun Disamba a Jos ba ƙaramin aiki ba ne ga uwa mai yara uku. Hunturu ya hana su fita da safe, su kuma ba sa zama shiru. Na gwada YouTube, kwana biyu data ta ƙare. Sai maƙwabciyata ta kwatanta mini wani shagon turi a wajen Taminus, irin wanda ake kai filashi ko memori a loda fina-finai.

Shagon ɗan ƙarami ne: benci ɗaya, kwamfuta biyu, wayoyin caji ko'ina. Ina miƙa filashi sai yaron ya ce, "Anti, shekarunsu nawa?" Na daɗe ina zuwa wajen masu turi, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambayar. Na ce huɗu, bakwai da goma sha ɗaya. Ya juyo mini da allon kwamfutar, ashe ya ware komai gida-gida bisa shekaru. Na nuna wani katun na Japan da babban nawa ya dame ni a kansa. Ya girgiza kai. "Wannan zane ne kawai, Anti, amma akwai jini da sare-sare, ba na yara ba ne." Haka ya hana ni wasu fina-finan Indiya na fassara, wai mai fassarar yakan saki baki. Ɗan kasuwa ya ƙi kuɗinka don tarbiyyar 'ya'yanka? Na ce, "Ƙanena, Allah Ya yi maka albarka."

Abin da ya fi karɓuwa a gida shi ne shirin Akili na kamfanin Ubongo da ke Tanzaniya, wanda aka yi wa muryar Hausa. Auta tana zaune cikin bargo, hanci na yoyo, tana ƙirga yatsunta tare da talabijin. Tom and Jerry kuwa, da aka fara tun 1940, shi ya haɗa kowa, tunda kusan babu magana a ciki. Hajiya surukata, da ke cewa katun shirme ne, na kama ta tana goge hawaye da bakin mayafi saboda dariya, tana cewa ɓeran nan ba shi da mutunci.

Akwai inda ban ji daɗi ba. Ranar Asabar na je, layi har waje, aka ɗauke wuta, janareto ya ƙi tashi sai da na shafe fiye da awa guda a tsaye. Cikin abin da ya tura, fim biyu murya na gaba hoto na baya. Sannan na nemi dogon katun na gida, mai tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, ya ce ba shi da shi. Wannan ba laifinsa ba ne, amma ya tsaya mini a rai, a ce a garin da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, garin da aka fara talabijin mai launi a ƙasar nan.

Da na koma da ƙorafin muryar, bai yi musu ba, ya sauya su bai karɓi ko sisi ba. In za ki je, ki je tsakiyar mako kafin azahar, ki tafi da filashinki, kuma ki ce ya kunna miki kowane fim ki ji kafin ki tashi.