Wace sakandare za a kai yaro mai buƙata ta musamman a Jos?

Da ɗiyar yayata ta gama aji uku na ƙaramar sakandare, ni aka ɗora wa nauyin nemo mata inda za ta ci gaba. Tun tana firamare idonta ya fara rauni, yanzu kuwa sai dai ta bambance haske da duhu. Sati uku na yi ina hawa keke napep, daga Anguwar Rogo zuwa Farin Gada, daga can har Bukuru. A wata makarantar kuɗi mai sabon fenti da doguwar katanga, shugaban ya tarbe ni da fara'a, ya ce su kowa karɓa suke yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, idan malamin lissafi ya zana kusurwa uku a allo, ita ta yaya za ta san abin da ya zana?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce wadda ke zaune kusa da ita za ta gaya mata. Na gode masa, na fito. Daga ranar duk makarantar da na shiga tambayata ɗaya ce: ta wace hanya darasi zai isa ga yaron? Idan ba a amsa maka wannan ba, biyan kuɗin makaranta cinikin biri a sama ne.

Amsar kuwa ta danganta da irin larurar, don haka bai kamata a yi wa yaran nan kuɗin goro ba.

Ga yaron da ba ya ji, ni makarantar kurame zalla nake fifitawa, irin ta gwamnatin Filato da ke Bassa. Dalilina harshe ne. Kurma a ajin masu ji, in babu mai fassara, haka zai wuni yana kallon baki na motsi. A cikin 'yan uwansa kuwa hira ake yi da hannu daga ɗakin kwana har layin abinci, kuma a nan harshe ke ƙarfi. Sai dai iyaye su san cewa maganar hannun da ake koyarwa da ita a makarantu ta samo asali ne daga ta Amurka, wadda Andrew Foster, wani kurma baƙar fata ɗan Amurka, ya shigo da ita lokacin da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Ta bambanta da maganar hannun da kurame Hausawa ke yi a gida da kasuwa. Yaron da ya tashi da ta gida yana buƙatar lokaci kafin ya kama ta aji. In ka je, ka roƙi a bar ka ka zauna a darasin Turanci, domin shi ne tudun da ya fi wahalar da kurame: harshe ne da bai taɓa shiga kunnensu ba, ga shi da shi ake rubuta kusan kowace jarrabawa. Ka kalli hannun malamin. In yana bayani da hannu, yara na ɗaga nasu suna tambaya, to ana karatu. In ya cika allo da rubutu ya koma ya zauna, kwafa kawai ake yi.

Makaho kuma lissafinsa daban. Filato tana da tarihi a nan, don makarantar makafi ta Gindiri, a ƙaramar hukumar Mangu, tun 1953 'yan mishan na Sudan United Mission (SUM) suka kafa ta, kuma ita ce ta farko a Najeriya. Yanzu tana hannun cocin COCIN. A irin wannan makaranta ake kafa tushe: karatun birel, wato rubutun makafi na ɗigo shida da ake shafawa da yatsa, rubutu da allo da tsinke na huda ɗigon, tafiya da sanda. Amma a matakin babbar sakandare na fi son makaho ya zauna aji ɗaya da masu gani, domin kunnensa na ɗaukar bayanin malami kamar kowa, kuma jami'ar da yake hari haka take. Sharaɗin shi ne makarantar ta kasance da ɗakin kayan aiki da malamin da ya karanci fannin. Irin waɗannan malamai Jami'ar Jos na yaye su a sashenta na ilimin masu buƙata ta musamman, haka ma kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo. Kada ka tsaya ga "muna da shi". Ka ce a kira shi. Ka miƙa masa takardar da yaronka ya rubuta da birel, ka ga ko zai karanta. Shi ne zai riƙa mayar da amsar yaron zuwa rubutun da malamin aji zai iya dubawa, in babu shi, ba wanda zai san ko yaron ya ci ko ya faɗi.

Kayan aiki na cin kuɗi, kuma nan ne iyaye ke ruɗewa. Injin Perkins mai bugun birel yana da ƙarko da sauri, amma daga waje ake kawo shi, farashinsa na bin dala, ga nauyi. Allo da tsinke sun fi araha nesa ba kusa ba, suna shiga jaka, sai dai rubutu da su na ɗaukar lokaci. Mu abin da muka yi, mun sayi allo da tsinke da takarda mai kauri, muka haɗa da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, aka sa mata NVDA, manhajar da ke karanta abin da ke kan fuskar kwamfuta da murya, kuma kyauta ce. JAWS ma aikinta ke nan, amma ita saye ake yi. Abin da ba na so a yi shi ne a bar yaro da sauraro kaɗai. Wanda bai taɓa harafi da yatsa ba, ƙa'idar rubutunsa takan yi rauni, kuma mai duba jarrabawa ba ya yafe wannan.

Ga iyaye Musulmi da ke tunanin makarantar kwana ta mishan, da Kirista da ke tunanin ta Islamiyya, a yi maganar ibada tun ranar farko, da mutunci, a ji tsarin gidan. A kuma tuna da sanyin Disamba da Janairu a wannan tsaunin namu: bargo biyu da rigar sanyi ba almubazzaranci ba ne.

Yaron da larurarsa ta ƙafa ce, ko yake kan keken guragu, ba shi da buƙatar makaranta ta daban. Ta unguwa ma ta isa, in an duba abu uku da ido: ajinsa a ƙasa yake, ɗakin gwaje-gwajen kimiyya ba a saman bene yake ba, kuma ƙofar bandaki keke na iya shiga. Na ga yaro mai ƙwaƙwalwar kimiyya da aka tura ajin adabi don kawai matakala. Wannan zalunci ne, kuma doka ba ta yarda da shi ba. Dokar hana wariya ga masu nakasa ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya cika tun farkon 2024. Filato tana da hukumarta ta kare haƙƙin masu nakasa, ana iya kai mata kuka.

Inda na fi tausaya wa iyaye shi ne yaron da fahimtarsa ke tafiya a hankali. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a kai shi a auna, a san iyakar da yake yanzu. Cibiyar Open Doors da ke nan Jos irin waɗannan yara take koyarwa, karatu da sana'a. Wani yaron matsalarsa haɗa haruffa ce kawai, in ya samu malami na kusa da ƙarin lokaci zai rubuta WAEC ya ci. Wani kuma ɗora masa darussa takwas ko tara azabtarwa ce, ɗinki ko gyaran waya ko kiwon kaji zai fi ba shi abin riƙe kansa. Mai hannu da son ƙere-ƙere yana da hanyar kwalejin fasaha, irin ta gwamnati da ke Bukuru, inda ake rubuta NABTEB, jarrabawar fasaha da sana'a.

Maganar jarrabawa kada a bar ta sai aji uku na babbar sakandare. WAEC na tanadar takardun birel da masu manyan haruffa, da ƙarin lokaci, amma sai makaranta ta bayyana larurar ɗalibi lokacin rajista. In aka yi masa rajista kamar kowa, takardar kowa za a miƙo masa. Don haka ka tambayi shugaban makaranta ko sun taɓa yi wa ɗalibi irin naka rajista, kuma wane darasi suka sa masa. JAMB ma a 2017 ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, wanda ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban. Zaɓen darussa a aji ɗaya na babbar sakandare shi ke buɗe ko rufe wannan ƙofar, saboda haka kada a bari a cire wa yaro lissafi da sunan sauƙaƙa masa ba tare da an zauna da iyayensa ba.

Makarantar da muka tsaya a kanta ba ita ce mafi kyan gini ba. Ranar Talata muka je, ba tare da sanarwa ba, ni da yarinyar. Wata malama ta fito daga wani ƙaramin ɗaki da kwali a hannu, an manna zare a kansa an yi siffar zuciya da jijiyoyinta. Ta kama hannun yarinyar ta bi da shi kan zaren, tana faɗa mata inda jini ke shiga da inda yake fita. A cikin keke, muna hanyar gida, ta juyo wajena ta ce, "Kawu, ashe zuciya ɗaki huɗu gare ta?" Da muka isa na ce wa Yaya ta fara ɗinka kayan makaranta.