Gilashin nan mai koren haske: ya burge ni, amma ba na aikin fiba ba ne

Na daɗe ina ganin tallan ɗan gilashin nan da ake cewa yana nuna hasken infared, wato hasken da ido ba ya gani, sai bayan damina na sa abokina da ke shigo da kaya daga Chaina ya haɗo min da shi. Farashinsa kuwa, in ka haɗa da kuɗin dako ya kusa kamo na mitar haske. Aikina haɗa wayar fiba ne, wato wayar intanet da haske ke bi ta cikinta, a nan Bauchi, daga Wunti zuwa Yelwa, kuma abin da nake so kawai in kara shi a bakin waya in san ko akwai haske, ba sai na ciro mita ba.

Guda biyu suka zo, kowanne bai fi farcen babban yatsa ba, tare da wata 'yar leza mai nanomita 980, wato ma'aunin zangon haskenta. Da na ga na farkon raina ya ɓaci, don garau yake, ba ka bambanta shi da fasasshen gilashin taga. Da magariba muka kashe fitilar shago, na danna lezar a bango, ba komai, don ido ba ya ganin wannan hasken. Ina juya ta kan gilashin sai ga wani koren zare ya ratsa shi daga gefe zuwa gefe, shar da shi! Oga ya miƙe tsaye ya ce, "Kai yaro, ina batirin yake?" Na ce, "Ranka ya daɗe, babu." Sai da ya karɓa ya jujjuya da hannunsa, ya kira mai shayin ƙofar shago shi ma ya zo ya gani.

Abin da na nuna wa Oga a daren shi ne ba gilashi zalla ba ne. Bayan an narka shi an zuba, sai a sake gasa shi a hankali har ƙananan ƙwayoyin kiristal na fuloraid su tsiro a ciki. Ƙwayoyin ba su wuce nanomita 'yan gomomi ba, sun fi zangon hasken da ido ke gani ƙanƙanta nesa ba kusa ba, shi ya sa haske ke wucewa bai watse ba. A cikinsu ake cusa itabiyam da erbiyam, irin ma'adanan nan masu wuyar tacewa. Itabiyam ya sha hasken 980 ya miƙa wa erbiyam, shi kuma ya tara kaso biyu ya fitar da ɗaya kore, wajen nanomita 545. Fuloraid ɗin ne ke hana ƙarfin zurarewa ya zama zafi, gilashin kuma ya ba shi ƙwari. Tun 1993 wasu masu bincike, Wang da Ohwaki, suka fito da irinsa a Japan. A daren nan da an ce in ba shi maki, da cikakke zan ba shi.

Sai da aka kira ni gyara a wani gida a Fadaman Mada. Na ciro shi da alfahari, na kara a bakin wayar. Shiru. Na rufe da tafin hannu don in yi duhu, shiru. Na ce wa maigidan layinsa ya yanke daga waje, har ya fara faɗa da kamfani a waya. Da na sa mita, haske na nan daram! Kunyar da na sha Allah kaɗai ya sani. Hasken da ke isa gidan kwastoma ya bi ta na'urorin rabawa ya yi rauni ƙwarai, shi kuwa gilashin nan sai haske mai ƙarfi, tunda biyu yake haɗawa kafin ya ba da ɗaya. Ga shi hasken layukanmu a nanomita 1310 da 1490 yake, 1310 ɗin kuwa ko sansana shi ba ya yi. Amma a tallan ƙarara aka rubuta "don masu aikin fiba". Wannan ai cuta ce. Wani yaron ma sai ya ɗauka babu haske ya leƙa bakin wayar da idonsa, kuma wannan hasken yana iya lahanta ido ba ka ji ba.

Tunda na tuna ma, na biyun da abokin nawa ya turo fari-fari yake, da ƙyar kake hango rubutu ta cikinsa. Da alama an zarce wurin gashi ƙwayoyin sun girma. Yana ba da koren, amma a watse. Kuɗin biyu na biya.

Na kuma tambayi abokin nawa me ke cikin gilashin, don na farkon da aka yi a Japan da dalma da kadmiyam aka haɗa shi, ni kuwa a aljihun riga nake yawo da nawa, yara na taɓawa. Sai ya turo min hoton wata takarda da Sinanci da alamar babban yatsa. Na sake tambaya, ya karanta bai amsa ba.